Yadda Za Ki Zaɓi Sarƙa, Zobe Da 'Yan Kunne, Ki Sa Su, Su Kuma Daɗe Miki

Tambayoyin da 'yan uwa mata suke kawo mini a kan kayan ado kusan iri ɗaya ne. Wannan ta ce sarƙarta ta dafe ko wata biyu ba ta yi ba. Waccan ta ce duk ɗan kunnen da ta sa sai hujin ya yi ƙaiƙayi yana fitar da ruwa. Wata kuma ta kai gwal ɗinta za ta sayar, aka taya mata kuɗin da ya sa gabanta ya faɗi. Idan aka bi diddigi, a wuri ɗaya matsalar take farawa: an saya da ido. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a harkar gwal da azurfa ido bai san kima ba, sikeli da hatimi ne suka sani.

Kafin ki fita, ki tanadi tef ɗin tela, siririyar takarda ko zaren da ba ya miƙewa, rula, ɗan maganaɗisu, farin ƙyalle, da wayarki saboda lissafi da kuma ƙara girman ƙananan lambobi da kyamara.

1. Ki san aikin da kike so kayan su yi miki

Na sawa kullum daban, na fita taro daban, na ajiyar dukiya daban. Na kullum yana buƙatar ƙarfi da rashin nauyi. Na taro, wanda zai fi yawan zama a akwati, ba laifi ya zama mai ruwan gwal kawai. Na ajiya kuwa a nemi mai yawan gwal, mai sauƙin ƙira, marar duwatsu. Wadda ta nemi abu ɗaya ya yi mata duka ukun, yawanci ko ɗaya ba ya yi mata sosai.

2. Ki auna jikinki tun daga gida

Zobe: ki zagaye gindin yatsa da siririyar takarda, ki yi alama inda ta haɗu, ki shimfiɗa ta a kan rula ki karanta milimita. Zagayen milimita 52 ya yi kusan daidai da lamba 6 a ma'aunin Amurka, milimita 54 kuma kusan lamba 7. Ki auna gaɓar tsakiyar yatsan ita ma, domin ta nan zoben zai bi. Idan gaɓar ta fi gindin kauri, ki ɗauki tsaka-tsaki.

Hattara: kada ki auna da sassafe ko lokacin sanyi, yatsa yana tsukewa. Da yamma ne yake kan girmansa na gaskiya. Zobe mai faɗi kuma ya fi siriri matsewa, don haka a ƙara masa rabin lamba. Mai juna biyu ta dakata da sayen zobe mai tsada sai kumburi ya sauka.

Sarƙa: mai tsawon santimita 35 zuwa 40 tana kama wuya. Mai 45 tana sauka kan ƙashin wuya, ita ce ta fi shiga da yawancin riguna. Mai 50 zuwa 60 tana kaiwa saman ƙirji. Amma waɗannan lambobin ba su san kaurin wuyanki ba, saboda haka ki yanka zare daidai tsawon, ki rataya, ki tsaya gaban madubi da rigar da kika fi sawa.

Abin hannu: mai maƙulli, ki auna wuyan hannu ki ƙara santimita 1.5 zuwa 2. Awarwaro da munduwa marasa buɗewa kuwa ba wuyan hannu ake aunawa ba. Ki lanƙwasa babban yatsa cikin tafi kamar za ki zura hannun, ki auna wurin da ya fi faɗi.

3. Ki nemi hatimi, ki karanta shi

Nan ne ya kamata ki fi daɗewa. Tsantsar gwal shi ne karat 24, kuma yana da laushi ƙwarai, har yakan lotsa idan aka danne shi. Shi ya sa ake gauraya shi da jan ƙarfe, azurfa ko wani ƙarfen domin ya yi ƙarfi. Lambar da ake bugawa a jiki tana gaya miki yawan gwal ɗin cikin kashi dubu:

999 shi ne karat 24. 916 karat 22. 875 karat 21. 750 karat 18. 585 karat 14. 375 karat 9.

Azurfar da aka fi yin kayan ado da ita tana ɗauke da 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran yawanci jan ƙarfe. Filatinom, wani farin ƙarfe mai tsada, yakan ɗauki 950. Za ki ga hatimin a cikin zobe, a jikin maƙullin sarƙa ko ɗan falefalen ƙarfen da ke kusa da shi, a kan sandar ɗan kunne ko murfinsa na baya.

Wane karat ya fi? A ganina, zoben da za ki sa kullum kina wanke-wanke da aiki da shi, 18 ya fi miki, domin 22 yana saurin karcewa da lanƙwasa. Haka duk abin da zai riƙe dutse mai daraja. Idan kuwa ajiya ce manufarki, 21 ko 22 ya fi riƙe daraja a kowane giram.

Hattara da haruffan da ke bin lamba. Idan kika ga 18K GP ko HGE, ba gwal ba ne, wani ƙarfe ne aka yi wa ruwan gwal siriri a sama. GF ya fi su kauri, gwal ɗinsa yakan kai kashi 5 cikin ɗari na nauyin kayan, yana kuma daɗewa, amma shi ma ba na ajiya ba ne. Abu mai launin gwal da ke ɗauke da 925 azurfa ce aka yi wa ruwa. Babu aibu a sayen waɗannan muddin da saninki kika saya kuma da farashinsu, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aibun shi ne ki biya kuɗin gwal a kansu.

Farin gwal kuma gwal ne na gaske da aka gauraya da fararen ƙarafa, aka lulluɓe shi da wani farin ƙarfe mai sheƙi da ake kira rodiyom. Bayan an sha sawa rodiyom ɗin yana gogewa, launin ya koma ɗan rawaya-rawaya, sai an kai an sake masa. Ki sa wannan hidimar a lissafinki tun farko.

4. Ki gwada, domin hatimi ma ana buga na ƙarya

Ki kanga maganaɗisu. Gwal da azurfa ba sa binsa. Idan jikin sarƙa ya manne, ki ajiye musu kayansu. Idan maƙulli kaɗai ne ya ɗan motsa, kada ki tsorata, akwai ɗan sifirin na ƙarfe a cikinsa. Sai dai rashin bin maganaɗisu ba shaida ba ce, domin jan ƙarfe da tagulla su ma ba sa bi. Ki duba lunguna da wuraren da ke gogayya, kamar inda maƙulli ke haɗuwa da sarƙa. Idan wani launi yana leƙowa ta ƙasa, ruwa ne.

Gwajin da ake dogaro da shi na masu sana'ar ne: a goga kayan a kan baƙin dutsen gwaji a ɗiga asid, ko a sa shi a na'urar XRF mai karanta ƙarafan da ke ciki ba tare da an karce shi ba. Abu mai nauyi da tsada, ki nemi a gwada shi a gabanki. Mai kayan ƙwarai ba ya jin haushin gwaji.

Hattara: kada ki gwada gwal da wuta, ko bilicin wanki, ko cizo. Za ki lalata na gasken, ba kuma lallai ki gane na jabun ba.

5. Ki yi lissafin kuɗin da kanki

Kuɗin gwal kashi biyu ne: kuɗin ƙarfen da kuɗin aiki. Farashin ƙarfen na duniya ne, yana sauyawa kullum, ana faɗinsa a kan oza, oza ɗaya ta gwal kuwa giram 31.1 ce. Ki duba farashin giram na ranar kafin ki shiga ciniki.

Ga yadda za ki yi. Sarƙa mai giram 10, karat 18, tsantsar gwal ɗin cikinta giram 7.5 ne. Idan karat 21 ce, giram 8.75. Mu ƙaddara giram ɗaya na tsantsa 100 ne, ko da wane irin kuɗi ake magana. Ƙarfen sarƙar mai karat 18 ya kama 750 ke nan. Idan aka ce ki biya 950, kin san 200 ladan ƙira ne da ribar mai kaya. A kan wannan 200 ɗin za ki yi ciniki, ita ce kuma ba za ta dawo miki ba ranar da kika zo sayarwa. Shi ya sa ƙira mai yawan zane da ƙwalisa take cin mai ajiya.

Ki tabbata sikelin yana kan sifiri kafin a ɗora, a kuma cire takardar farashi da zaren da ke jiki.

Hattara da duwatsu a kan sikeli. Ni ganau ce a nan. Na taɓa sayen saitin sarƙa da 'yan kunne da aka jera wa ƙananan duwatsu masu walƙiya, aka auna mini duka da farashin gwal, na biya ina murna. Ranar da buƙata ta taso na kai sayarwa, ina tsaye aka sa ɗan tsinken ƙarfe aka ɓamɓare duwatsun ɗaya bayan ɗaya, aka tara mini su a 'yar takarda, sannan aka mayar da sauran kan sikeli. Gilashi ne na saya da kuɗin gwal. Tun daga ranar, duk abin da ke da dutse sai na tambayi nauyinsa ba tare da dutsen ba.

6. Ki tambayi fatarki

Ƙaiƙayi, ja da ƙananan ƙuraje a inda ƙarfe ya taɓa, galibi wani ƙarfe da ake kira nikel ne ke jawo su. Yana cikin yawancin kayan araha, wani lokaci har a cikin farin gwal. Matsalar ta yi yawan da Tarayyar Turai ta kafa doka tun 1994 ta taƙaita yawan nikel ɗin da kayan da ke manne da fata za su iya saki. Jikin da ya fara ƙin nikel kuwa ba ya komawa ya saba da shi, sawa a kai a kai ƙara tsananta abin yake yi. Mai irin wannan fatar ta tsaya a kan jan gwal mai karat 18 zuwa sama, ko ƙarfen taitaniyom, ko filatinom, ko azurfa 925 ta gaske.

Koren da zobe ke bari a yatsa wani abu ne daban. Jan ƙarfe ne ya haɗu da gumi, yana wankuwa, ba cuta ba ce.

Hattara da sabon huji. Na leɓen kunne yana ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin ya warke, na guringuntsi a sama kuwa watanni ne, wani har shekara. A wannan lokacin ba a canza ɗan kunne, ba a sa na araha. Yara ƙanana kuma a nisanta su da kayan ƙarfen da ba a san asalinsu ba, domin an sha samun dalma a irinsu, yaro kuwa komai baki yake kaiwa. Jariri ba ya kwana da sarƙa a wuya.

7. Idan da dutse a jiki

Ana auna taurin duwatsu da ma'aunin Mohs, daga 1 zuwa 10. Daimon 10 ne. Yaƙutu, ja ko shuɗi, 9. Zumurrudu 7.5 zuwa 8, amma yana da ƙananan tsaguwa a ciki, yana iya fashewa idan ya bugu. Murjani 3 zuwa 4, lu'u-lu'un teku 2.5 zuwa 4.5. Amfanin sanin wannan shi ne ƙurar da ke yawo tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu tauri 7, don haka duk dutsen da bai kai 7 ba zai dusashe a zoben kullum. Irinsu sun fi dacewa da wuya da kunne.

Karat ɗin daimon nauyi ne, giram 0.2, ba ruwansa da karat ɗin gwal. Idan za ki sayi babba, ki nemi takardar shaida daga cibiyar gwaji irin GIA, ki kuma tambaya na ƙasa ne ko wanda aka haɗa a ɗakin gwaji. Dukansu daimon ne, amma na biyun ya fi araha nesa, kuma ba ya riƙe kuɗinsa wajen sayarwa. Lu'u-lu'un teku na gaske kuwa, idan kika goga shi a hankali a gefen haƙori za ki ji ɗan gurza kamar yashi, na roba santsi ne sumul.

8. Ki duba ƙira kafin ki miƙa kuɗi

Ki buɗe maƙulli ki rufe sau biyar ko shida, ki ji yana kamawa da kansa. Ki ja sarƙar a kan farin ƙyalle, idan tana kama zare to za ta kama gashi da mayafi. Ki duba ɗan zoben da ya haɗa maƙulli da sarƙa, a liƙe yake ko a buɗe? Ta nan yawancin sarƙoƙi suke ɓacewa. Ki kai dutse kusa da kunne ki ɗan ƙwanƙwasa da farce, idan yana motsi, a ɗaure shi tukuna.

Sarƙa ko awarwaro mai kauri amma ba nauyi, holoƙo ne. Kyan ɗan maciji gare shi: ya cika ido, amma da yaro ya fizga ko kin kwanta a kai ya lotsa, gyaransa kuma da wuya. Siriri mai ciki a cike ya fi shi. Kan sarƙa mai nauyi kuma ba a rataya shi a siririyar sarƙa, a hankali yake cinye ta.

A rasit, a rubuta nauyi da giram, karat, farashin giram na ranar, kuɗin aiki, da sharaɗin mayarwa ko musanya. Ki ɗauki hoton kayan a kan sikeli ki ajiye tare da shi.

9. Yadda ake sawa

Tsarin shi ne: wanka, mai, kwalliya, turare, ki jira jiki ya bushe, tufafi, sannan kayan ado. Su ne na ƙarshen hawa jiki, su ne kuma na farkon sauka. Turare da feshin gashi suna cin ruwan gwal, suna kashe hasken lu'u-lu'un teku da murjani, kuma ba ya dawowa.

Hattara ƙwarai da mayukan sauya launin fata. Wasunsu suna ɗauke da zaiba, wato makuri, ita kuwa da ta taɓa gwal sai ta shige shi, ya yi fari-fari ya kuma yi gautsi. Mai kayan ta ɗauka an sayar mata da jabu, alhali man ne. Abin da yake yi wa ƙoda da fata ya fi wanda yake yi wa zoben muni.

Wajen haɗawa, ki bar abu ɗaya ya yi magana. Idan 'yan kunnen manya ne masu lilo, sarƙar ta zama siririya ko a bar ta. Idan rigar tana da aiki mai yawa a wuya, sarƙa ɓata take yi a ciki, ki mayar da adon kunne da hannu. Wuyan riga mai tsini yana son sarƙa mai kai da ke bin siffarsa. Zagayayyen wuya yana son gajera da za ta zauna a kan fata. Rigar da ta rufe wuya gaba ɗaya, doguwar sarƙa ce a kanta. Wadda mayafi ko hijabi ke rufe mata wuya da kunne, kuɗinta ya fi amfani a zobe, abin hannu da fil mai kyau. Idan za ki jera sarƙoƙi biyu ko uku, ki bar tazarar kamar santimita 5 tsakaninsu don kada su sarƙe.

Zagayayyar fuska tana karɓar dogon ɗan kunne, doguwar fuska kuma mai zagaye ko mai manne wa kunne. Batun cewa ba a haɗa gwal da azurfa kuwa, ni ban yarda da shi ba. Suna haɗuwa, in dai kowane launi ya bayyana a wuri fiye da ɗaya, a ga da niyya aka yi.

Hattara da nauyin ɗan kunne. Ƙanwata ta shekara tana sa manya kullum. Hujin da a da ɗan ƙarami ne ya zama tsaga kamar ƙwayar shinkafa, ranar da ɗanta ya kai hannu ya fizga, leɓen ya rabe biyu, sai ɗinki aka yi mata. Idan kina jin nauyinsa bayan minti goma, na awa biyu ne ko uku, ba na yini ba. Mai goyo ta haƙura da masu lilo har yaron ya yi wayo.

Ki cire kayan ado kafin barci, wanka, iyo, wanki da bilic, kwaɓa abu da hannu, ɗaga kaya masu nauyi, aiki da inji ko lantarki, da shiga na'urar hoton MRI. Kulorin da ke cikin bilic da ruwan wurin iyo yana raunana ƙarafan da aka gauraya gwal da su, har ƙafafun da ke riƙe dutse su karye. Zobe kuma idan ya maƙale a ƙusa ko ƙofa yayin da jiki ke tafiya, yana iya sule fatar yatsa.

10. Wanki da ajiya

Gwal da daimon: ruwan ɗumi, ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke na ruwa, a jiƙa minti 15, a goga da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a ɗauraye a cikin kwano, a tsane da ƙyalle. A cikin kwano na ce, ba a bakin famfo ba, ƙananan 'yan kunne da yawa ta magudana suka tafi. Man goge baki da toka suna karce gwal, a bar su.

Azurfa: baƙin da take yi ba alamar jabu ba ce, farar wutar da ke cikin iska ce take kama ta. Ki shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, ki ɗora kayan su taɓa ta, ki zuba cokali ɗaya na bekin soda da ruwan zafi, ki bar su minti biyar. Kada ki yi haka ga mai duwatsu, ko wadda aka baƙanta zanenta da gangan, zanen zai goge.

Mai ruwan gwal, lu'u-lu'un teku, murjani da zumurrudu ba a jiƙa su. A shafe su da ƙyalle mai laushi bayan kowace sawa.

Kowane abu da 'yar jakarsa, domin daimon yana karce duk abin da ya kwanta kusa da shi. Sarƙa a rufe maƙullinta kafin a ajiye. Idan tafiya za ki yi, ki zura ta cikin tsinken shan lemo ki rufe, ba za ta ƙulle ba. Idan ta riga ta ƙulle, ki shimfiɗa ta a kan faranti, ki ɗiga mai kaɗan, ki warware da allura biyu, kada ki ja. Banɗaki ba wurin ajiya ba ne saboda laima. Sau ɗaya a shekara ki kai na duwatsu wurin maƙeri ya duba ƙafafun da maƙullai.

11. Idan zobe ya ƙi fita

Kada ki yi ta ja, kumburi kike ƙarawa. Ki ɗaga hannun sama da kanki na 'yan mintoci, ki tsoma shi a ruwan sanyi, ki shafa sabulu ko mai, ki riƙa murza zoben a hankali yana hawa. Idan ya ƙi, ki zura bakin zare ta ƙarƙashinsa zuwa ɓangaren tafi, ki naɗe sauran zaren a jere daga jikin zoben har ya wuce gaɓa, sannan ki kama bakin da kika zura ki riƙa warwarewa, zoben zai biyo shi. Kada zaren ya daɗe a naɗe.

Idan yatsan ya fara yin shuɗi, ko ya yi sanyi, ko kin daina jin sa, ki bar duk wata dabara ki tafi asibiti a yanke zoben. Ki karɓi guntayen ki kai wa maƙeri, zai haɗa miki shi, a wannan karon ya ƙara masa rabin lamba.